Ƙarnin Gida

Shekarar da ruwan Daberam ya ja da baya
har kututturen gawo ya leƙo da kai,
Baba ya watsa birgi sau goma sha ɗaya,
ya ɗago ƙurungu uku da warin takalmi.
Bai ce uffan ba.
Sada ne ya dubi kwandon, ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ce ta kai shi bakin titi.
Iya ta ƙulle masa banda a tsumman atamfa,
tarwaɗa bakwai, ta ƙirga sau biyu,
ta zare ɗaya don ni,
ta dube shi, ta mayar.
Lahadi ce, motocin Mai'aduwa na dawowa,
ya samu wuri a bayan akori-kura
tsakanin buhun barkono da bunsurun wani.

Da kaka Mati ya bi shi. Sai Barau.
Sai 'ya'yan Ilu, su biyu, a dare guda.
Kwalekwale biyar a kife a gaɓa,
kaji suka sami ɗakin ƙwai.
Zanzaro ya yi gini a bakin gorar Sada,
Baba ya hana a rushe:
"Ku bar shi, gara a ce akwai mai shiga."

Muryarsa kan zo ta wayar mai shago.
Wai a Sharaɗa jiniya ke yin asuba,
wai inji bai san hadari ba, bai san farin wata ba,
roba yake ci, roba yake amayarwa.
Wai suna ce masa Ɗan Kifi,
suna matsawa in ya zauna cin abinci.
Albashin farko, sabulu ya saya.

Da ya zo Sallah da butoci shuɗɗa
da bokiti mai murfi,
karenmu ya yi masa haushi har zaure.
Iya ta kama wuyan rigarsa, ta sunsuna,
ta daɗe.
"Ina ka baro ƙarninka?"
Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

A shekara ta huɗu injin ya karɓi rabonsa:
manuniya da ta tsakiya, hannun dama,
waɗanda ke ƙulla idon taru ko da duhu.
Kuɗin da aka ba shi, kwano ya saya mana,
bandir biyu, sabo fil, yana ɗaukar ido.
Har yau in damina ta fara kiɗa a kai
Iya kan naɗe tabarma
ta koma tsohuwar bukkar da ke yoyo.
Ta ce ba ta iya barci
a ƙarƙashin yatsun ɗanta.

Ni na zauna. Ba jarunta ba ce,
wani dole ya riƙe wa Baba filafili,
har ranar da muka riƙe masa makara.

Bana Sada ya zo da ɗansa, Huzaifa,
ɗan shekara bakwai mai tsoron laka.
Ya ga gaiwa, ya ruga, wai maciji.
Da la'asar na tarar da su gindin tsamiya,
uban na son nuna masa ƙullin Baba.
Zaren ya zame. Ya sake. Ya zame.
Ban ce komai ba, na durƙusa,
na ara masa yatsa ɗaya ya danne.
Ƙullin ya kama.

Yaron ya wuni yana jan tarun a ƙasa,
ya taɓa dalma, ya taɓa karfasa mai rai.
Da magariba ya kai hannu hanci,
ya yamutsa fuska: "Kaka, wari!"

Iya ta jawo hannun, ta sunsuna,
ta daɗe.
Ta ce, "Kada wanda ya ba shi sabulu
sai gobe."